Dambe da Iska

Shekara goma sha ɗaya ban ɗaura kara ba.
Hannun da ya kwantar da maza a filin Agege
yanzu kwandunan tumatir yake ƙirgawa.
Tumbi na riga ni shiga ɗaki.
Likita ya matse min damtse, ya duba, ya girgiza kai:
"Baba, jinin nan yana hawa
kamar ruwan Yuni a lungun Ajegunle."

'Yata Rumasa'u ce ta ja ni,
ran Lahadi, a danfo mai ƙofar igiya,
zuwa wani bene a Ikeja, hawa na uku,
inda wani yaro, Folarin,
ya ɗaura min tabarau mai nauyin rabin bulo,
ya damƙa min 'yan sanduna biyu,
ya ce da Hausarsa ta kasuwa: "Alhaji, buga."

Duhu.
Sai fili ya buɗe.
Ba kalangu, ba maroƙi, ba mai ruwan leda,
sai fitilu da taron da ba ya warin zufa.
Ga ƙato a gabana,
fuska sumul kamar an bi ta da dutsen guga,
ba laya a damtse, ba tsaga a kunci.
Na ce, "Yaro, ɗan gidan wa?"
Ya amsa da naushi.

Bai yi zafi ba, abin da ya ba ni haushi ke nan.
Ja kawai ya cika min ido,
wani layi ya ragu a sama,
wai raina ne, ana auna shi kamar man janareto.

Na gyara tsayuwa. Hagu garkuwa, dama mashi.
Ƙafa ta tuna abin da kai ya manta.
Na kai, na goce, na sake kaiwa,
ina jin Rumasa'u can a wata duniya:
"Baba, bango! Baba, fanka!"

Ana tsakiyar turmi na biyu aka ɗauke wuta.
Ƙato ya ɓace, taro ya ɓace,
aka bar wani dattijo jiƙe sharkaf,
yana haki,
ya dunƙule hannu a kan babu.

Da inji ya tashi, aka kashe ni. Sau biyu.
Gwiwa ta ce ƙasa, ƙasar kuwa tayil ce mai sanyi.
Na ce wa Folarin, na'urarka ta iya mugunta.
Ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Ba na'ura ba ce, Alhaji, mutum ce.
Adaeze, nas a Surulere.
In ta tashi aikin dare, nan take sauke gajiya."

Na yi shiru tun daga Ikeja har gida.

A wurinmu, in ka kayar da mutum kai za ka ɗaga shi,
ka ji bugun zuciyarsa a ƙirjinka,
ka san da wanda ka yi.
Nan kuwa wa zan runguma?
Wa ya ga lokacin da na ciji leɓe?

Duk da haka Talata na koma. Alhamis ma.
Bel ya matsa huda biyu.
Likita ya duba, bai girgiza kai ba.
Folarin ya sa sunana a gasar Disamba,
rukunin waɗanda suka haura arba'in,
ya rubuta kirarina ba daidai ba, na ƙyale shi.

Jiya na same ta, ɗaya tak, a haƙarƙari.
Ƙaton ya tsaya,
ya ɗaga safar hannunsa, ya jira.
Na miƙa tawa.
Ba abin da ya taɓa wani abu,
amma sandar ta yi 'yar rawa a tafina.

Yau cunkoso ya tsare mu a Oshodi,
kwandasta na ta ihu, ruwa na dukan gilashi.
Wata mata kusa da ni ta ce,
"Baba, lafiya kafaɗarka ke motsi?"