Harshen Roba

Ranar da na ji wa motar Malama Tumba ciwo
ba hatsari aka yi ba.
Gilas ne ya ƙi hawa.
Na zura sukundireba tsakanin marfi da ƙofa,
na danna kamar mai ɓare kwakwa,
sai ƙas! maɓallai uku suka karye,
ga zane fari a kan baƙar roba,
dogo, kamar tsagar Kabawa a kumatun tsoho.

Ba ta yi faɗa ba.
Ungozoma ce a asibitin Jega,
ta saba fito da abu ba tare da ta yaga ba.
Ta shafa wurin da ɗan yatsa,
ta dube ni, ta biya, ta ja motarta.
Da ma zagina ta yi.

Oga Labbo bai ɗago daga cikin inji ba.
Ya ce, "Ƙarfe bai san lallashi ba.
Wanga aiki na harshe ne, ba na haƙori ba.
Tafi wurin Arzika."

Arzika ya baje su a kan tebur,
ja, shuɗi, ruwan ɗorawa,
kamar alawar yara ranar kasuwa.
Ya turo mini goma sha ɗaya a leda guda,
ya ce araha ce, har da jaka kyauta.

Na ɗauki ɗaya na lanƙwasa.
Ya bi hannuna kamar dafaffiyar taliya.
Wannan ba zai ɗaga ko murfin tukunya ba.
Na ɗauki wani na ƙwanƙwasa a dutse,
ya yi ƙara irin ta tangaran.
Wannan in ranar Jega ta gasa shi wata biyu
zai bar haƙorinsa a cikin ƙofar mutane.

Na ukun yana can ƙasa, toka-toka, babu ado.
Na lanƙwasa, ya ba ni kaɗan,
ya koma yadda yake,
kamar gorar masunci in kifi ya saki.
Na goga bakinsa a farcen babban yatsa,
bai karce ba, bai kama ba.
Na goga a bayan hannuna.
Abin da bai ji wa fata ba
ba zai ji wa fenti ba.

Huɗu na ware:
mai faɗin baki irin na agwagwa, don marfin ƙofa,
mai tsaga kamar kofaton akuya,
shi ke rungumar maɓalli ta wuya ya fito da shi da rai,
siriri don gefen rediyo,
sai wani mai ƙugiya da ban san aikinsa ba tukuna,
hannuna ne dai ya ƙi ajiye shi.

Arzika ya ce, "Huɗu a kuɗin sha ɗaya?"
Na ce, "Bakwai ɗin nan kwana za su yi a jaka."
Ya yi dariya, bai rage ko naira ba.

Bayan Sallah motar ta dawo.
Ƙofar baya ce wannan karon.
Na sa bakin agwagwa a hankali,
na saurara.
Ƙat. Ƙat. Ƙat.
Kowane maɓalli ya fito da kansa,
kamar an yi masa sallama.
Can ƙasan ƙofa, cikin ƙura da ɓawon gyaɗa,
ga ɗan kunne guda na zinariya.

Ta ce shekara biyu tana zargin ƙanwarta.

Yanzu bakin agwagwan ya cinye,
duk ya yi zane, gefensa ya gutsure.
Oga ya ce in yar.
Na bar shi a aljihun gaba.
Duk tabon da ke jikinsa
na wata mota ne da ta fita lafiya.

Na ƙofar gaba kuwa yana nan.
In ta wuce ta bakin gareji da yamma
ina hango shi ta gilas.