Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Takardar ta iso Damagaram da Faransanci a bakinta,
tambayoyi talatin da takwas, kowace da ƴan akwatunanta.
Mu huɗu muka tasa ta gaba a bayan asibiti,
ƙarƙashin fankar da ke juyawa in ta ga dama,
muna juye ta cikin Hausa
kamar mai juye man gyaɗa daga kwalba zuwa kwalba:
kome kaffa-kaffarka, sai ya ɗiga.

Malam Kiyari bai taɓa ganin ta asali ba,
don haka shi aka ba ya mai da tamu inda ta fito.
Ya dawo ran Laraba yana sosa ƙeya:
"Wannan ji ɗin naku, wanne ne a ciki?"
Su can kowa da ɗakinsa,
kunne daban, hanci daban, harshe da fata.
Mu kalma guda ke yi mana aikin gayya,
da ita muke jin ganga, jin ɗoyi, jin gishiri,
jin ƙaya a tafin ƙafa,
har da jin magana,
wanda a kansa ake dukan yaro.

Ta tara tana cigiyar na'urar zuƙe datti.
Na duba Birni, na duba Garin Malam,
tsintsiya na tarar, ita kuwa ba ta firgita kowa.
Muka sa injin niƙa a gurbinta.
Matakalar da ke tafiya da kanta muka sauke,
muka ɗora yaron a kabu-kabu, muka ce: yana ƙanƙame ki?

Sai gida-gida, ni da biro da jaka.
Kullum? Sau da yawa? Jifa-jifa? Da ƙyar? Ko kusa?
Uwa ta ce, "Lafiya lau."
Ba mu tanadi akwatin lafiya lau ba.

Tsahara tana tsince zogale a faifai lokacin da na shiga.
Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa,
"wancan" take cewa, tana nuni da haɓa
ga wani ɗan shekara huɗu da rigarsa a bai-bai,
don ɗinkin ciki cizonsa yake.
Na karanta ta goma sha bakwai:
in wanzami ya taɓa kansa, yana ihu fiye da sauran yara?
Hannunta ya tsaya cikin ganye.
"Jifa-jifa," ta ce.
Can kuma, murya ƙasa:
"Wa ya ba masu takardar nan labarinsa?"
Na ce ba su san shi ba.
"To akwai wasu kenan."
An ce iska ce, ya sha rubutu har ya ƙoshi.
An ce sangarta ce, ya sha wadda ba a wankewa daga allo.

Bayan mako biyu na koma, haka ƙa'idar take,
a ga ko takarda tana da magana ɗaya.
Tambayar ba ta sauya ba, wanzamin ma yana nan.
Ta dube ni cikin ido ta ce, "Kullum."

A ofis mai lissafi ya ja jan layi:
amsa biyu daga baki guda,
irin wannan ke rage wa takarda daraja.
Gaskiyarsa, alƙaluma ba su san kunya ba.
Ni na san wadda aka ba baƙuwa,
na san wadda aka ba ni.

Da sassafe na gan shi bayan gidansu,
inda duwatsun garin nan ke durƙushe kamar raƙuma,
ya manna kunci da wanda rana ba ta taɓa ba tukuna,
ido a rufe, tafin hannu a shimfiɗe.
Na tsaya da jakata, ban ciro biro ba.
Yana ji.
Ban san wanne ba.