Zafin da Ke Tasowa daga Ƙasa

Ranar Talata Crisóforo ya sauke tsohon giyabos,
mai canja giya da kansa, mai tari kamar dattijo,
ya ɗora na hannu, mai giya biyar,
wanda muka tsinto a makabartar motoci bayan Navojoa.
Na biya shi rabi kuɗi, rabi kankana.

Ranar Alhamis na kama hanyar Guaymas da lodi.
Kafin in wuce gonakin alkama
ƙafata ta dama ta fara dahuwa.
Ba rana ba ce, ita na san ta,
tun ina goye nake shan ranar Sonora.
Shi wannan daga ƙasa yake tasowa,
ya lashi ƙwauri, ya hau gwiwa.
Alawar da 'yata Zulema ta manta gindin sandar giya
ta narke, ta zama ɗan tabki ja.

Allurar zafin inji tana tsakiya, ko gezau.
Na buɗe bonet, lagireto cike da ruwa.
Inji lafiya lau.
Ni ne a tukunya.

Crisóforo ya ce, "Hita ce ta maƙale."
Muka matse tiyonta da filaya, muka zaga gari,
zafi bai ma san an yi ba.
Ya ce, "To man giya ne ya yi ƙasa."
Ya kwance noti, mai ya biyo yatsansa garau kamar zuma.
Ya yi shiru.
Makanike in ya yi shiru, ko tunani ya fara,
ko kunya.

Sai ya kunna karan sigari, shi da ya daina sha tun bara,
ya ce in tuƙa, ya sunkuya,
ya riƙe shi daidai gindin sanda.
Hayaƙin bai yi lilo ba,
sama ya zabura kamar wanda aka biyo.
Muka yaye kafet.
Ramin da ya yanka wa sabuwar sanda
ya fi ta faɗi da yatsu uku,
robar bakinsa ta saki, ba abin da ta rufe.
Ta nan nake hango kwalta.

"Mun ga ƙofa," in ji shi. "Saura baƙon."

Muka ɗaga mota a jak, muka kwanta rigingine.
Ashe sabon giyabos ya fi na da ƙiba,
ya ture bututun salansa gefe
har ya kusa jingina da ƙasan bodi,
fentin wurin duk ya yi ƙuraje.
Ga kusoshi huɗu tsirara
ba abin da suke riƙe.
Ina farantin da ke tare zafi?

Muka birkice gareji, taya, tsumma, gwangwanin mai.
Ƙamshi ne ya ja mu bayan gida.
Ga Herlinda, mahaifiyarsa, a kan kujerar roba,
bulo uku, garwashi,
farantinmu a bisa, barkono kore yana tsatsa a kansa.

"Na ga an yar," ta ce, ba ta ɗago kai ba.
"Kwana uku ban ƙona ko ɗaya ba.
Ku jira in gama."

Muka jira. Wa zai ja da mai wuta?
Muka ci da wainar masara, muna share hawaye,
ɗanta yana kallon ƙasa.

Da yamma ya lanƙwasa bututun ya ba shi rata,
ya mai da faranti, ya ɗaure kusoshi huɗu,
ya yanko sabuwar roba ya toshe ramin.
Bai karɓi ko sisi ba. Kankana ɗaya ya mayar mini.

Yanzu ƙafata a sanyaye har Guaymas.
Sai dai in na hau tudu da lodi, inji ya yi nishi,
wani ƙamshi kan sulalo cikin mota,
Zulema ta farka, ta murje ido,
ta ce, "Baba, yunwa nake ji."