Taku Biyu

Dusar ƙanƙara ta danne rufin filin Tampere,
a ciki fitilu sun hana dare shiga.
Aune Kettunen, tamanin da ɗaya,
tana ɗaure takalmi da yatsun da suka daina jin magana.

A layi na uku ga Hilkka,
wadda ke shan gabanta tun suna 'yan makaranta,
da taku biyu, kullum taku biyu.
Yau gwiwar Hilkka ƙarfe ce.
Ta Aune tata ce, sai dai tana kuka kamar tsohon ƙyaure.

Bindiga ta tashi.
Hilkka ba ta ji ba, na'urar kunnenta na cikin jaka,
sai da ta hangi bayan Aune ta zabura.

Zagayen farko, huhu ya ce a'a.
Na biyu, jika na ihu, "Kaka, ɗaga ƙafa!"
Ga layin ƙarshe can,
ga hucin Hilkka a ƙeya.

Taku biyu. Wannan karon na Aune.

Ta dafa ƙugu tana haki: "Na karɓi bashina."
Hilkka ta share gumi, ta murmusa:
"Ajiye shi da kyau.
Baɗi da kunnena zan zo."