Kwali Daga Gidan Waya

A Valparaiso, kan tudu,
yayata Maite ta zaɓi Likita Urrutia:
duk wata ta hau matakala, ta wangale baki,
a leƙa dasashi, a zaftare albashi.

Ni kuwa na ciji laka, na aika,
kwali ya iso da robobi sha takwas,
garau kamar ƙanƙara.
Araha ta yi mini ado, na ce.

Haƙoran gaba sun jeru, madubi shaida ne.
Na ciki fa sun daina gaisawa.
Burodi ya gagare ni.
Na kira kamfani, kiɗa suka sa mini.

Maite na gatsar tuffa bakin taga.
Ba ta tanka ba.
Katin likitan kawai ta tura
ƙarƙashin kofina.