Kada Ka Kashe

Tun daga tashar Gombe muka fara, Baffa Jauro,
kai a gadon asibiti can Bauchi,
ni a kujerar baya, gwiwata manne da buhun wake.
Ka ce, "Kada ka kashe, Ɗanlami,
akwai lissafin da nake so ka riƙe."

Sai ka shiga jerowa:
dubu bakwai na mai faci a Tumfure,
tunkiyar da ka sayar ba da sanin kowa ba,
rijiyar gona da ba a gama ɗaure wa baki ba.

Ban san hannu nawa muryarka ta bi ba.
Eriyar nan mai jan ido bisa tudu
ta riƙe mu har inda ƙarfinta ya ƙare,
ba ta sake mu ba
sai da ta gaba ta ce na karɓa,
kamar leburori na jefa wa juna bulo,
ko duban juna ba sa yi.

A Bara sanda huɗu ta koma biyu.
Bayan Alkaleri, ɗaya tal,
maganarka ta farfashe kamar tsakin masara.
Na ɗaga waya har ta taɓa rufin mota.
Matar gefena ta bar min taga,
direba ya rage waƙa, ba wanda ya roƙe shi.

Daf da gadar Dindima ka ɓace.
A kan "kuma ka gaya wa Kaltume" ka tsaya.

Na koma ɗaya layin, wanda na jima ban sa wa kati ba.
Waya ta dinga lalube
kamar maraƙin da ya rasa uwa
yana neman nono a garken da ba nasu ba.
Ruwan kogi ya wuce ƙarƙashinmu, ja, ba ya sauri.
Sai ga sabis ya kama. Na ranci ɗari biyar.

Da tari ka ɗauka. "Ina muka tsaya?"
Na ce, Kaltume.
Ka yi shiru tsawon ƙauye biyu.
"Na manta. Kai dai ka iso."

Duwatsun Bauchi suka fito, sanda ta cika fal,
mu kuwa zance ya ƙare mana.
Ban kashe ba.
Ina jin fankar ɗakinku tana ƙara,
ina jin wata nas tana neman almakashi,
da numfashinka a ƙasan duk wannan,
ana ta miƙo min shi
daga ƙarfe zuwa ƙarfe
har na sauka.