Ɗigon Madara

Daren da aka ɗauke wuta a Gangare
na rufe teburin shayi da wuri.
Lantana ta dawo daga jami'a, sanyi a kafaɗarta,
ta ce, Baba, ara mini kofin gilashi da tocilanka.

Ta cika shi da ruwan famfo, ta haska.
Hasken ya wuce abinsa
kamar baƙon da bai san kowa a unguwa ba,
ko sallama babu.

Sai ta tsoma tsinken ashana a gwangwanin madara,
ɗigo ɗaya, wanda ko ƙuda zai raina,
ta juya.

Hanya ta fito a tsakiyar ruwa.
Daga gefe shuɗi-shuɗi, kamar hayaƙin ɗanyen itace.
Can inda ya fita ya faɗa bango kuwa
ja-ja, irin na asuba a bayan duwatsun Shere.

Ta ce ƙwayoyin maiƙo ne, ido bai isa ya gan su ba.
Ba sa cinye haske,
kowace ta karɓa, ta girgiza da shi, ta watsa wa maƙwabta.
Guda ɗaya ba a ganin aikinta.
Sai sun taru.

Ta ce haka farar ƙasa ke yi a tsohon ramin kuza,
shi ya sa ruwan ke da launin nan mai kiran mutum.
Ban tanka ba.
Can ƙanena Ɗanjuma ya nutse, shekarar da aka haife ta.
Ran nan ma ruwan yana da kyau.

Ta ƙara ɗigo. Ta ƙara.
Shuɗin ya gudu, jan ya mutu,
kofin ya koma fari fat,
hasken ya manta ƙofar da ya shigo,
yana ta yawo hannu zuwa hannu
kamar canjin naira dubu a kasuwar Taminus.

Shekara ashirin da bakwai ina zuba madara,
ban taɓa tambayar farin nan daga ina yake ba.

Da asuba gajimaren Agusta ya sauko har bakin titi.
Gyang mai keke ya tsaya, fitilarsa ta kumbura a ciki
kamar ƙwarya.
Ya ce, Malam Haladu, madara ta ji.
Na ɗaga gwangwani ina zubawa a hankali, ina leƙen kofin.

Ya ce, lafiya? Fasinja na jira.